Kabarin da Ke Tsallaken Rafi

Wane ne ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana yanke ciyawar da ke kan kabarin 'yata? Na tambayi ɗana Kabiru, Kabiru ya tambayi mutanen ƙauyen, su kuma suka yi ta kallon juna. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, na fita takaba, na koma cin abinci kamar kowa, amma tambayar nan ba ta bar ni ba, kuma ina jin da ita za a rufe ni. Ko namiji ne ko mace, ko mai salla ne ko ba ya yi, kullum ina sa shi a addu'a ba tare da suna ba.

'Yata Bilkisu ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, domin ban taɓa zama a aji ba. Idan kun ga magana ta yanke a tsakiya, kuka ne ya tsayar da ni, kuma ba na jin kunyarsa. Na yi shekaru ina haɗiye shi, yanzu na daina. Abin da ya sa na ce a rubuta shi ne, ranar sadakar arba'in na ji jikokina suna gaya wa baƙi da Turanci wai kwamfuta ce ta gano kabarin yayar iyayensu. Turancina bai wuce na gaisuwa da cefane ba, amma wannan na ji shi sarai. To, ba kwamfuta ba ce. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Maigidana Malam Inuwa malamin dabbobi ne. Muna da shekara ɗaya da aure a Kano gwamnati ta tura shi Ingila koyon kiwon tumaki, aka ce yana iya tafiya da iyalinsa. Ni da ko Zariya ban taɓa zuwa ba, sai ga ni a wani ɗan ƙauye da sunansa ya fi ƙarfin bakina. Sunan yana nan a takardun da ke hannun Kabiru. Mu a gida Garin Tumaki muke ce masa, don tumakin sun ninka mutanen. Ƙauyen yana kwance ne a cikin kwari, tudu ta nan, tudu ta can, rafi ya ratsa ta gindinsa. Titi ɗaya ne tal. Idan ka biyo shi daga sama za ka wuce kantin da ake sayar da burodi da kan sarki, ka wuce makaranta mai ɗaki biyu, ka iso babban coci mai hasumiya da aka gina a ƙasa-ƙasa kusa da ruwa, sannan gadar dutse, siririya, mota biyu ba sa wuce juna a kanta. Bayan gada akwai tsohon gidan niƙa da ya daina aiki, daga nan hanya ta hau tudu. Gidan gonar da aka sauke mu yana daf da gadar. Malam a mota ake ɗaukarsa da safe a dawo da shi da yamma, ni kuwa da ƙafa na san garin. Na san inda ƙasa ke riƙe ruwa, na san shingen da ke da 'ya'yan itace masu tsami, na san dutsen da ke motsi a kan gada. Matar mai gonar, wata doguwar dattijuwa mai jan kumatu, ta koya mini yin cuku irin nasu, ni kuma na koya mata tuƙa tuwo da tsakin alkama. Ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci, amma mun yi hirar da ban yi da wasu 'yan uwana ba.

A can na haifi 'yar fari. Malam ya sa mata sunan mahaifiyarsa, sai abin ya zama kunya biyu a kaina: ga ta ɗan fari, ga ta sunan suruka. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi, ko da yake babu mai ganina sai tumaki. Baturiya muke ce mata. Tana da wata huɗu sanyi ya kama mata ƙirji, a daidai lokacin da aka yi kwana da kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Likita ya zo sau biyu. Ranar wata Talata da hantsi ta cika a cinyata. Washegari Malam da mai gonar da wasu ɗalibai biyu 'yan Sudan suka ɗauke ta. Mata ba sa bin gawa, don haka aka bar ni a gida. Bayan wata uku muka koma Kano, na haifi Kabiru, na haifi Bilkisu, kuma tun ranar da muka hau jirgi ni da Malam ba mu sake ambaton yarinyar nan ba. Ba faɗa muka yi ba. Shi yana ganin zai fama mini ciwo, ni ina ganin bai kamata uwa ce ta fara ba.

Da tsufa ya zo, yara suka ɗauko mu suka kawo mu New York. Kabiru yana aiki a filin jirgin sama, yana zaune da iyalinsa a wata unguwa da ake kira Jamaica. Bilkisu nas ce, da ita muke zaune a unguwar Morrisania da ke Bronx, hawa na biyar, a gidan da liftarsa ta fi hutawa fiye da aiki. Bara, da sanyi ya fara janyewa, likitoci suka ce zuciyar Malam ta gaji, babu sauran aikin da za a yi mata, a kai shi gida a kula da shi. Aka kafa masa gado mai ɗagawa a falo kusa da taga, da tulun oksijin a gefe. Wata Lahadi muna cin abincin rana, yara duk suna nan, sai ya ajiye cokali.

"Kabiru, ba kai ne babba ba."

"Haba Baba, wa ya girme ni kuma? Bilkisu? Ko a mafarki."

"Kuna da yaya. Tana Ingila, a kwance. Miƙo mini jakar fatar nan."

Ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, shaidar mutuwa ce. Ban san yana da ita ba. Mun tashi daga gida zuwa gida sau shida, ashe tana biye da mu.

"Tun da na rufe ta babu wanda ya je," in ji shi. "Ina so kafin in tafi wani daga cikin jinina ya tsaya a kanta ya yi mata addu'a. Uwarku ba za ta faɗa ba. Idan na mutu, shi ke nan ta ɓace."

Bilkisu ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na tattara kwanuka na shige kicin.

Malam ya gaya musu wurin ba tare da shakka ba: maƙabartar babban coci, gindin katanga, inda inuwar hasumiya ke faɗuwa. Muka ɗauka aikin mako ɗaya ne. Bilkisu ta fara aika imel idan ta dawo daga aiki. Amsar farko ta ce ofishin da ya buga hatimi a takardar babu shi yanzu, an rushe shi tun tuni, an haɗa gundumarsa da wasu an yi babbar hukuma ɗaya a wani gari mai nisa. Aka rubuta wa babbar hukumar. Suka ce gaskiya ne a da ƙauyen nasu ne, amma an yi gyaran iyaka, an cire shi daga lardinsu an ba lardin maƙwabta, a tambayi can. Aka tambayi can. Suka ce ƙauyen dai nasu ne yanzu, amma littafin binne mutane ba ya hannunsu, na coci ne. Cocin kuma an haɗa gundumarsa da ta wasu ƙauyuka, limamiya ɗaya ce ke zagaya su duka, sai an jira ta zo.

"Umma, ƙauye ɗaya fa, titi ɗaya," in ji Bilkisu, "sun sauya masa uba sau nawa? Kamar garin su Baba, an kwanta ana Kano an tashi ana Jigawa."

"Mu ma ai ba wanda ya tambaye mu," in ji Malam daga kan gado. Ranar har dariya ya yi.

Limamiyar mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata. Ta buɗe littafin babban cocin ta bi shi shafi-shafi. Ta ce babu sunan yarinyarmu. Ta ce abin da ya ba ta mamaki ma, a makonnin nan gaba ɗaya ba a rubuta an binne kowa ba, babba ko yaro. Da Bilkisu ta fassara wannan, nan take na gane dalili. Amma na yi shiru. Wata biyu aka yi ana wannan kai da kawowa, Malam kuwa kullum raguwa yake. Ƙafafunsa suka kumbura, salla ta koma ta kwance. Duk wanda ya turo ƙofa, kafin ya gama sallama zai tambaya ko an samu.

Wata ranar Asabar ina yanka albasa na ji Kabiru yana yi wa ƙanwarsa raɗa a bakin kicin.

"Ni zan je kawai in ɗauki hoton gindin katangar, in ce an samu. Hankalinsa ya kwanta."

"Yaya, ƙarya fa ke nan."

"To ke kina da wata dabara? Kin fi ni sanin kwana nawa suka rage masa."

Bilkisu ba ta amsa ba, kuma na san shirunta yarda ce. Na ajiye wuƙa, na yafa mayafi na sauka ƙasa, shagon Hajiya Mariama. Mutuniyar Maraɗi ce, maƙwabciyarmu, tana sayar da atamfa da turaren wuta a kan kwana, ita ce kaɗai ƙawata a garin nan. Na zauna a kan kujerarta. Ta sallami mai ciniki ta dube ni.

"Hajiya Rabi, mi kike ɓoyewa? Wata biyu ina kallon ki, kamar wadda ta haɗiye allura."

Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa ɗan Adam ba. Ta riƙe haɓa.

"To mi kike jira?"

"In ƙaryata shi a gaban 'ya'yansa? Mutum yana kan gargara? Kuma in faɗi da bakina cewa na yi abin da mace ba ta yi?"

"Bon, shi ke nan. Ki bari su yi mishi ƙarya, ya tahi da ita, ke ki zamna da gaskiyarki tana ruɓewa cikinki. Ɗiyarki ce hwa, ba ɗiyar gwamnatin Ingila ba."

Na hau matakala hawa biyar, don liftar ta tafi hutunta, kuma a kowane hawa sai na tsaya na sake shawara. Da na shiga na ce wa Bilkisu ta ɗauko mini zanen ƙasar nan da ofishin lardi ya aiko. Taswira biyu ce, tsohuwa da sabuwa, ta buga su a manyan takardu, tun zuwansu ba wanda ya kula su. Ta shimfiɗa su a kan tebur kusa da gadon Malam.

"Umma, me za ki gani a nan? Duk rubutu ne."

"Rubutun naku ne. Wannan shuɗin mene ne?"

"Ruwa."

"To bar ni da shi."

Na ɗora yatsa a kan ruwan na bi shi har na sami inda titi ya haye shi. Daga nan komai ya dawo mini, kamar na buɗe ƙofar gidan gonar. Na nuna musu gidanmu, na nuna kanti, na nuna gidan niƙa, Bilkisu tana karanta sunayen tana cewa haka ne. Sannan na juya wajen gado.

"Malam, ba a babban coci aka sa ta ba."

"Hajiya, ke da kike gida? Ni na haƙa da hannuna."

"Ka haƙa, amma ba a can ba. Rafi ya cika ya shanye maƙabartar cocin, ruwa har gwiwa, shi ya sa ba a binne kowa ba a makonnin nan. Kun haye gada, kun wuce gidan niƙa, kun hau tudu zuwa ƙaramin cocin nan mai jan rufi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Bin ku na yi."

Na faɗi sauran idona yana ƙasa. Matar mai gona ta shiga dafa mini shayi, na sulale ta ƙofar baya, na bi gindin shinge ina laɓewa. Na tsaya a kan gada, ruwa yana dukan duwatsun har yana fallatso mini. Daga nan na ga bayan mutum huɗu suna hawa tudu, Malam a gaba da ɗan ƙunshin fari a ƙirjinsa, har suka shige wata ƙofar ƙarfe. Ƙafata ta ƙi wuce gadar. Na koma gida a jiƙe sharkaf, dattijuwar ta dube ni, ta lulluɓe ni da bargo.

Malam ya juyar da fuskarsa wajen taga. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Idan na kawo kunu sai Bilkisu ta karɓa ta ba shi. Na ɗauka bin gawar ne ya ɓata masa rai, na yi ta kuka a banɗaki ina cewa da na sani na bar su sun ɗauko hoton katanga. A rana ta uku na ji yana gaya wa Kabiru, kuma ya san ina ji.

"Ba fushi nake da uwarku ba. Shekara hamsin ina rufe ido in ga hasumiyar nan, in yi wa yarinyar addu'a a gindinta. Ashe ba ta can. Mutum ya rufe 'yarsa da hannunsa, ya manta inda ya sa ta."

Wannan shi ne abin da gaskiyata ta ci, kuma ku rubuta shi, kada a ce kyauta na same ta. Na ƙwace wa tsoho mara lafiya abin da ya riƙe tsawon rayuwarsa. Har yau idan na tuna muryarsa a ranar, sai na nemi wurin zama.

Amma Bilkisu ba ta tsaya ba. Ta jera taswirorin biyu ta bi inda yatsana ya bi, sai ta yi ƙara. A tsohuwar taswira layin iyaka ya zagaya ta bayan tudu, ya haɗa ƙaramin cocin da ƙauyenmu. A sabuwar kuwa layin ya bi tsakiyar rafi. Wato da aka ɗauke ƙauyen aka ba sabon lardi, iyakarsa ruwa, tsallaken rafi an bar shi a tsohon lardi, an liƙa shi da wani ƙauye na bayan tudu. Mu muna ta neman yarinya a lardin da ba ta taɓa shiga ba, alhali littafinta yana ɗakin ajiyar mutanen da suka ce mana mu tafi gaba. Bilkisu ta sake rubuta musu, wannan karon da sunan ƙaramin cocin. Kwana huɗu amsa ta zo. Ga suna, ga wata huɗu, ga sunan uba, an rubuta ɗalibi daga Nijeriya. Sai dai sun ce an daɗe da rufe cocin, kuma tun da ba a kafa dutse ba, babu wanda zai iya cewa ga wurin.

Kabiru ya hau jirgi ranar Juma'a. Ranar Asabar bayan mun karya kumallo, lokacin su can azahar ta yi, ya kira mu ta bidiyo. Bilkisu ta jingina wayar da fulas ɗin shayi a kan teburin gadon Malam, ta ɗaga masa kai da matashi. Hajiya Mariama ta rufe shago ta hau, ta ce ko kwastoma dubu ne su jira. Na ga titin nan a cikin 'yar waya. Kanti ya zama gidan zama, makaranta an sa mata labule.

"Umma, na'urar motar ta ce in koma baya, wai babu hanya ta nan."

"Kashe ta. Ajiye motar ka sauko da ƙafa. Bi gangare har ka ji ƙarar ruwa."

Ya bi. Ya wuce hasumiya, Malam ya rufe ido bai kalle ta ba. Sai ga gada.

"Yi hankali da dutse na uku ta hannun dama, yana motsi."

"Umma, sun gyara shi."

"Sun kyauta. Sun daɗe ba su yi ba."

Ya haye. Daga nan ni ma baƙuwa ce, don ƙafata ba ta taɓa wuce wurin ba, amma idona ya san hanyar. Na ce ya bar gidan niƙa a hagunsa, ya hau har ya ga ƙofar ƙarfe. Yana haki yana cewa tudun nan ba na mai tumbi ba ne. A bakin ƙofar ya tarar da wani tsohon Bature mai yanke ciyawar wurin, wanda ofishin lardi suka yi wa magana ya zo da mabuɗi. Suka shiga. Duwatsu ne birjik, wasu a tsaye wasu sun kwanta, rubutunsu ya goge. Kabiru ya yi ta zagaye kusan rabin awa, yana nuna wa ubansa nan, yana nuna can. Malam sai girgiza kai, numfashinsa yana sama-sama. Bilkisu ta kama hannunsa tana duba bugun jini, ta dube ni, na gane tana so a dakata. Ni kuwa ban zo har nan don in koma ba.

"Kabiru, ɗaga wayar sama in ga yadda mutanen nan suke kwance."

Ya ɗaga. Duk sun jeru fuska ɗaya kamar kunyoyin gona, kai yamma, ƙafa gabas.

"Ubanka ba zai kwantar da ita kamar nasu ba. Kai kudu, fuska gabas, yadda ake yi a gida. Daina neman suna. Nemi wanda ya gitta."

Kabiru ya juya ya faɗa wa tsohon da Turanci. Tsohon ya buɗe baki, ya daki cinyarsa, ya kama hanya yana magana da sauri. Bilkisu tana fassara mana: wai ɗan ƙaramin nan da ya gitta? Ai kowa ya san shi. Wai tun suna yara suke mamakin wane ne aka kwantar a karkace. Ya kai Kabiru can ƙarshen shinge, gindin wata bishiya mai ƙaya. Ga shi nan. Ɗan tudu ne da bai fi kamu biyu ba, an zagaye shi da fararen duwatsun rafi, ciyawarsa a yanke ƙasa-ƙasa, tsaf, alhali na kusa da shi duk sun yi duhu. Kabiru ya fara yi wa tsohon godiya, tsohon ya ce ba shi ba ne, injinsa ba ya shiga lungun. Shi dai duk sanda ya zo haka yake samun sa, an yanke da almakashi.

"Shi ne," in ji Malam. "Bishiyar nan. Ƙayarta ta yage mini hannun riga. Shi ne, wallahi shi ne."

Kabiru, ƙato mai furfura a gemu, ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Da ya share ido, don ya rage wa kansa nauyi, sai ya duba alƙibla a wayarsa.

"Baba, alƙiblar ƙasar nan fa ba gabas sak ba ce. Ta karkata kudu. Ka ɗan kauce."

"Ɗan nema! A lokacin wayar wa ke akwai? Rana na duba, ita ma ba ta fito ba."

Muka yi dariya da hawaye, har Malam ya sarƙe sai da aka ƙara masa oksijin. Sannan Kabiru ya ɗaga hannu ya yi addu'a, mu muna amsawa daga hawa na biyar a Bronx, tsohon Baturen ya cire hularsa ya tsaya a gefe. Da aka shafa, Kabiru ya sauke wayar daf da ciyawa.

"Umma, ga ta. Ki yi mata magana."

Na buɗe baki zan ce Baturiya, sai na ji ba zan iya yi mata haka ba. Ta jira da yawa.

"Hadiza," na ce. "Hadiza, Ummanki ce."

Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakina, kuma rufin gida bai faɗo ba. Hajiya Mariama ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna kabari ne, ta toshe baki tana istigfari.

Kafin Juma'a ta zagayo, babu Bahaushen da ke Bronx da bai ji ba, don Mariama ba ta bar kowa ba. A sashen mata na masallaci ta riƙa ɗaga hannuna tana cewa ku ga wadda ta ka da ofis huɗu na Ingila da yatsa ɗaya, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Matan Ghana suka zo suna taɓa ni, 'yan boko masu aiki a jami'a suka zo gaishe ni har gida. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi, kuma har yanzu ina ji. An kafa dutse da cikakken sunanta da na ubanta. Limamiyar nan ta rubuta a gefen littafin babban coci cewa duk mai neman waɗanda suka rasu a makonnin ambaliya ya haye rafi, don kada wasu su sha wahalar da muka sha. Tsohuwar taswirar kuwa Bilkisu ta sa ta a gilashi, ga ta can a bango, ni nake nuna wa baƙi ita.

Malam ya yi kwana goma sha tara bayan haka. Hoton kabarin yana gefen matashinsa, kuma ya daina tambayar masu shigowa komai. Ranar ta ƙarshe da safe, Bilkisu ta sauka karɓo magani, daga ni sai shi. Na ba shi kunu ya sha cokali biyu ya kau da kai. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan bargonsa. Ya daɗe yana kallona.

"Ranar nan da kika biyo mu, kin sa takalmi?"

"Ina na tuna da takalmi, Malam."

"Cikin ruwan nan. Cikin sanyin nan."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Tun da muka sauke farali Hajiya yake ce mini, amma ranar sunana ya kira. Ga maganar da ya yi mini, kuma daga ita bai sake cewa komai ba har Allah ya karɓi abinsa kafin azahar.

"Rabi, da na waiwaya na gan ki a kan gadar nan, wallahi ba zan bar ki a can ba. Tare za mu hau."